Zoben baiko mai lu'u-lu'u: mu san abin da muke biya

A Arlit da Akokan, kamar a Agadas, hoton zobe kan riga zoben isowa. Budurwa za ta gan shi a waya, a shafin wata mai saro kaya daga Dubai ko Istanbul, ko a yatsan wata amarya cikin bidiyon biki: farin dutse a tsakiya, ƙananan duwatsu sun zagaye shi, sai walƙiya yake. Ta tura wa saurayi, shi kuma ya nuna wa maƙeri, ko ya ba ɗan'uwansa da ke tafiya saro kaya sautu. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa lu'u-lu'u ne, wani lokaci har a ƙara da cewa tsohon yanka ne, irin na mutanen da. Yawancinmu ba mu taɓa riƙe lu'u-lu'u a tafin hannu ba, saboda haka maganar mai sayarwa muke biya wa kuɗi.

Ga mutanen wannan yanki abin da ɗan mamaki. An kafa Arlit a 1969 saboda abin da ke ɓoye cikin dutse. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ya bi baya a Akokan a 1978 har zuwa ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe shi. Duk wanda ya yi aiki a rami ko a masana'anta ya san ba a yanke wa dutse hukunci da ido, sai an kara masa na'ura. Tun 2014 kuma, da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten, samarinmu suka koyi sikeli da gwaji, suka san bambancin abin da ke ƙyalli da abin da ke da daraja. Amma idan aka zo kayan aure, sai mu ajiye wannan sani a bakin ƙofar shago tare da takalma.

Mu fara da cewa zoben baiko mai lu'u-lu'u baƙo ne a wurinmu, kuma faɗin haka ba zargi ba ne. Aurenmu yana da matakansa: neman izini, gaisuwar iyaye, sa rana, lefe, sadaki. Sadaki shi ne wajibi, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. A Turai ma al'adar zoben ta daɗe tana hannun sarakuna kawai. Ana yawan ambaton 1477, shekarar da Maximilian na Ostiriya ya ba Maryamu ta Burgundi zobe mai lu'u-lu'u. Talakawa ba su shiga ba sai a ƙarni na 20, bayan da kamfanin De Beers ya zuba kuɗi a tallace-tallace daga ƙarshen shekarun 1930, har ya shigar wa samarin Amurka, daga baya na Japan, cewa neman aure ba ya cika sai da wannan dutse. Wanda ya so zoben don ya faranta wa amaryarsa, kyauta ce mai kyau. Wanda bai saya ba kuwa bai rage komai daga aurensa ba.

To, mene ne lu'u-lu'u? Asalinsa ɗaya da gawayi. Sinadarin da ke cikin kwal ɗin da SONICHAR ke ƙonawa a Cirozerin don ba mu wuta, shi ne dai ke zama lu'u-lu'u idan ya sha matsanancin zafi da danniya a can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kilomita 150 ko fiye. Babu wani dutse na halitta da ya kai shi tauri, shi ya sa ba ya karcewa. Sai dai tauri daban, jure duka daban. Akwai masu cewa a gwada shi da guduma, wai na gaske ba ya fashewa. Yana fashewa sarai, kuma wanda ya gwada haka ya yi asarar dutsensa. Nijar ba ta cikin ƙasashen da ke haƙo shi. Da can daga Indiya yake fitowa, sai Barazil a shekarun 1720, sai Afirka ta Kudu daga 1867. Yau Botsuwana da Rasha da Angola da Kanada ne manya, kuma mafi yawan wanda ake haƙowa a duniya a birnin Surat na Indiya ake yanka shi.

Kalmar da ta fi rikita masu saye ita ce karat, domin abu biyu take nufi, kuma a Faransancin da muka koya a makaranta rubutunsu ɗaya ne. A zinariya karat ma'aunin tsarki ne. Mai 24 ita ce tsantsa. Mai 22 ana buga mata hatimin 916, mai 21 da matanmu suka fi so ana buga mata 875, mai 18 kuma 750, wato kashi uku cikin huɗu zinariya ce, sauran wani ƙarfe ne. A lu'u-lu'u kuwa karat nauyi ne, giram ɗaya ya ƙunshi karat biyar. Idan mai shago ya ce zobe karat 18 ne, zancen ƙarfen yake yi, bai ce komai a kan dutsen ba tukuna. Galibi da zinariya mai 18 ake ƙera zoben lu'u-lu'u, saboda mai 21 da 22 sun yi laushi, ba sa riƙe dutse da kyau. Uwar amarya da ta saba da 21 tana iya ganin an rage wa ƴarta, alhali dalilin aiki ne.

Lu'u-lu'u yadda aka tono shi ba shi da wani kyau, ya fi kama da gutsuren gilashin da ya sha rairayi. Yanka ne ke fito da haskensa, wato goge masa fuskoki ƙanana ta yadda haske zai shiga ya juya ya dawo ga idon mai kallo. A 1919 wani matashi ɗan gidan masu yankan lu'u-lu'u na Antwerp, Marcel Tolkowsky, ya fitar da lissafin kusurwoyin da suka fi dawo da haske. Daga nan yankan zamani ya samo tushe: zagaye cif, fuskoki 57 ko 58, ƙasansa mai tsini, walƙiyarsa ƙanana-ƙanana masu yawa kamar an watsa gishiri a rana. Duk abin da aka yanka kafin wannan salo ya kankama, shi ake kira tsohon yanka.

Tsohon yankan ba iri ɗaya ba ne. Mafi daɗewa cikin waɗanda ake samu a kasuwa shi ne yankan fure, wanda ya yaɗu tun ƙarni na 16. Ƙasansa shimfiɗe ne, samansa tulluwa kamar ƙubba, fuskokinsa ba sa wuce 24 a galibi. Yana da faɗi a ido fiye da nauyinsa, amma haskensa sanyi gare shi, kamar ruwa a kwano. Sai wanda za mu iya kira yankan matashin kai, na ƙarni na 18 da na 19, mai kusurwa huɗu masu lanƙwasa, kansa da tudu, fuskar samansa ƙarama. Da hannu da ido aka yi shi, mai yankan yana bin siffar da dutsen ya zo da ita don kada ya yi asarar nauyi, shi ya sa da wuya a sami biyu da suka yi daidai. Na uku shi ne tsohon yankan Turai, daga wajen 1890 zuwa 1930, lokacin da injin zagaye dutse ya shigo. Shi zagaye ne, amma ya riƙe tudun kai da manyan fuskokin magabacinsa. Waɗannan biyu na ƙarshe suna da alama guda da ko ɗan koyo zai gane: ba su da tsini a ƙasa, an datse gindin an goge shi, don haka idan aka leƙa ta sama za a ga ɗan zagaye a tsakiya kamar ƙaramar taga. Wannan ba aibi ba ne, shaidar salon ce.

An yanka waɗannan duwatsu ne don hasken kyandir da fitila. Walƙiyarsu manya ce, a hankali take juyawa, tana fitar da launuka. A ƙarƙashin fararen fitilun shago yankan zamani zai doke su, amma da almuru a tsakar gida, ko a ɗakin amarya mai ƙwan lantarki ɗaya, tsohon yana da wani kwarjini da sabon ba shi da shi. A ganina wannan ne kaɗai dalili mai ƙarfi na zaɓensa. Yawancinsu kuma ba farare tas ba ne, suna da ɗan ruwan ɗorawa-ɗorawa, abin da ke dacewa da jar zinariya da kuma fatar hannun da ta sha lalle. Sai dai mai saye ya sani cewa nauyinsu a zurfi yake. Dutsen zamani mai karat ɗaya faɗinsa wajen milimita shida da rabi ne, tsohon yanka mai nauyi ɗaya da shi yakan fi wannan ƙanƙanta a ido.

A nan ne salon zagaye dutse da ƙananan duwatsu ke shigowa, wanda Turawa ke kira halo. Mu kwatanta shi da amarya da ƙawayenta: ita a tsakiya, su sun kewaye ta. Amfaninsa biyu. Yana sa babban dutsen ya ƙara girma a ido ba tare da an biya kuɗin ƙarin nauyi ba, kuma yana kare ƙugunsa, wato gefen da ya fi faɗi. Tsofaffin duwatsu da yawa ƙugunsu siriri ne kamar bakin wuƙa, wasu ma sun riga sun ɓantale saboda shekaru, don haka wannan kariya tana da muhimmanci.

Amma kowa ya san bikin da ƙawaye suka fi amarya ado. Idan aka kewaye tsohon dutse mai ɗan ruwan ɗorawa da sababbin ƙananan duwatsu farare fat, sai su tona masa asiri, ya koma kamar wanda ya daɗe bai ga wanki ba. Abin nema shi ne ƙawaye masu launi kusa da nasa, masu ƴan fuskoki kaɗan, a kan jar zinariya. Matsala ta biyu ta siffa ce. Gidajen zobe da ake sayarwa a shirye, inji ne ya zuba su don dutse zagayayye cif. Yankan matashin kai ba zai zauna a ciki daidai ba, sai a ga giɓi a wannan gefe, matsi a wancan. Dole a ƙera wa dutsen gidansa bisa awonsa, kuma wannan aiki ne na maƙerin da ya saba dasa duwatsu, wanda ba kowane gwanin zinariya ba ne ya iya shi.

Sai mu tuna inda zoben zai rayu. Garinmu na ƙura ne, ga iskar hunturu, ga rairayi. Hannun da zai sa zoben zai yi wanki, ya tuƙa tuwo, ya shafa mai, ya yi alwala sau biyar. Lu'u-lu'u yana son maiƙo ƙwarai, har a wuraren haƙarsa an daɗe ana kama shi da tebur da aka shafe da man shafawa, tsakuwa ta wuce shi ya manne. Man da ke hannu zai kama ƙura, ta cushe a ƙarƙashin duwatsun, hasken ya mutu. Maganin wannan mai sauƙi ne: ruwan ɗumi, sabulu, da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Abin da ya fi wuya shi ne faratan, ƴan siraran ƙarafan da ke riƙe kowane dutse. Zobe mai ƙawaye ashirin yana da farata masu yawa, kowane ɗaya yana iya kama zaren mayafi ya buɗe, dutsen ya faɗi cikin rairayi, kuma wanda ya faɗi a rairayin Arlit ya tafi ke nan. Dutsen da aka naɗe wa baki da zinariya gaba ɗaya, ba tare da farata ba, kuma bai yi tudu da yawa a kan yatsa ba, ya fi dacewa da mu. Kafin a saya, a tambayi kai wa zai gyara shi idan ya lalace, kuma a ina. Agadas tana da nisan kusan kilomita 240, Yamai kuwa tafiya ce ta sosai.

Babban batu shi ne ko dutsen lu'u-lu'u ne ma. Abubuwa uku ne ke kama da shi. Akwai zirkoniya, wadda ta shigo kasuwa a shekarun 1970, mai arha ƙwarai, ta fi lu'u-lu'u nauyi, kuma bayan ƴan shekaru gefunanta kan dushe. Akwai mosanait, wanda ya bazu daga 1998, mai tauri sosai, har yana yaudarar ƴar na'urar nan mai kama da alƙalami da ake dangwala wa dutse ta yi ƙara. Na uku ya bambanta da su: lu'u-lu'un da ake haɗawa a masana'anta. Kamfanin General Electric ya fara yin sa a 1954, yanzu kuma Sin da Indiya suna fitar da shi da yawa. Shi lu'u-lu'u ne na gaske ta fuskar sinadari, ido ba ya rabe shi da na ƙasa, amma farashinsa ya faɗi warwas a shekarun nan. Babu laifi a sayen ko wanne daga cikin ukun, muddin an faɗi sunansa kuma an biya kuɗinsa. Cuta tana shigowa ne idan aka sayar da ɗaya da sunan wani. Kuma a lura, yanzu ana yanka duka ukun a salon da, don haka tsohon yanka ba ya nufin tsohon dutse. Gwajin karce gilashi ba hujja ba ne, domin zirkoniya da mosanait duk suna karce shi, har ma da farin dutsen wuta da ke zube a daji.

Abin da ya fi kusa da hujja shi ne takardar ɗakin gwaji mai zaman kansa. Sanannu su ne GIA da aka kafa a Amurka a 1931, mai rassa a Johannesburg da Gaborone da Mumbai, sai IGI da HRD na Antwerp. Takardar tana faɗin nauyi, launi, tsabtar ciki, awon faɗi da zurfi, da kuma ko na ƙasa ne ko na masana'anta. Tana da lamba da za a iya dubawa a shafin intanet na cibiyar, kuma sau da yawa an zana lambar a ƙugun dutsen da rubutun da sai da madubin ƙara girma ake gani. A gwada awon da ke takardar da dutsen da ke hannu, domin takarda ta gaske tana iya rako dutsen ƙarya. Hoton takarda a WhatsApp kuwa hoto ne kawai.

Mu a nan mun riga mun koyi tambayar asalin tsohon abu, kuma da tsada muka koye ta. A 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, sun sami tsofaffin ƙarafa masu tururin yuraniyom ana sayar da su a kasuwa, Greenpeace ma ta sake gano irinsu a 2009. Tun daga nan mai hankali ba ya ɗaukar tsohon bututu ya kai gida sai ya ji daga ina ya fito. Lu'u-lu'u ma yana da nasa tarihin: a yaƙin Saliyo na 1991 zuwa 2002 da na Angola, da kuɗinsa aka sayi makamai, abin da ya haifar da tsarin Kimberley a 2003. Sai dai wannan tsari ɗanyen dutse kawai ya shafa, bai kai ga wanda aka yanka shekara ɗari da suka wuce ba. Tsohon dutse na gado ne ko na gwanjo, yana kuma iya zama na sata, don haka a nemi rasit da sunan shagon da ya fito. (Wani abin sha'awa gare mu: koren lu'u-lu'u na halitta, irin shahararren nan na Dresden mai karat 41, daga tururin duwatsu masu yuraniyom da makamantansu yake samun launinsa. A 1904 masanin Ingila William Crookes ya binne lu'u-lu'u cikin gishirin radiyom, ya koma kore, amma ya ci gaba da fitar da tururi. Irin waɗannan ba su da yawa, ana dai cin karo da su jefi-jefi cikin tsofaffin kayan ado. Ko ba komai, na'urar gwada wannan ba baƙuwa ba ce a Arlit.)

Akwai kuma abin da iyayenmu mata suka fi kowa sani. Zinariyar mace ajiyarta ce. Ranar da rashin lafiya ya zo, ko aiki ya tsaya kamar yadda iyalai da yawa suka gani bayan rufe COMINAK, sarƙa da warwaro ne ake kai wa maƙeri ya auna ya biya bisa farashin giram na ranar. Zobe mai duwatsu ba haka yake ba. Mai saye zai ciccire duwatsun ya ajiye gefe, ya auna abin da ya rage. Ƙananan ƙawayen kusan ba su da kuɗi a hannu na biyu, babban dutsen ma sai an sami mai so kuma mai iya gane shi, kuma ko a Turai da wuya a mayar da abin da aka kashe. Saboda haka idan za a sayi zobe mai zirkoniya, kada a yarda a ɗora shi a sikeli da duwatsunsa a lissafa duka da farashin zinariya. A sa mai shago ya rubuta nauyin zinariya daban, na dutse daban, ladan aiki daban. Saurayin da kuɗinsa ba su da yawa, gara ya ƙarfafa zinariyar ya rage dutsen.

Mai son tsohon abu kuma ba sai ya leƙa Dubai ba, Abzin tana da nata. Inadan, maƙeran Abzinawa, sun daɗe suna zuba azurfa ta hanyar siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin su zuba ƙarfe a gurbinsa. Da can tsabar Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780 suke narkarwa. Abin wuyan Ingal yana ɗauke da jan dutsen nan da Larabawa ke kira aƙiƙ, wanda ayari ke kawowa daga Kambay ta Indiya, daga baya kuma daga Idar-Oberstein ta Jamus. Har a wancan zamani an yi na gilashi a Bohemiya ana shigo da shi, kuma tsofaffin mata sun san yadda ake rabe su: dutse ya fi sanyi a kumatu, kuma idan aka ɗaga shi ga rana ana ganin jijiyoyi a cikinsa, gilashi kuwa launinsa bai ɗaya ne, wani lokaci da ƴan kumfa. Azurfa mai kyau ana buga mata 925. Ga angon da ke son nasa zoben, azurfa ce ta halatta gare shi, tunda zinariya ta mata ce.

Idan an yanke shawarar lu'u-lu'un, a tafi da wanda ya san zinariya, kuma a fita da zoben waje a dube shi a inuwa, nesa da fitilun shago. A nemi madubi mai ƙara girma sau goma, a duba ƙugun ko ya ɓantale, a duba ɗan zagayen da ke tsakiya. A goga zoben a jikin mayafi a ga ko yana kama zare, a kai shi kusa da kunne a girgiza, idan an ji ƙas-ƙas to wani dutse ya yi sako-sako. A rasit a rubuta kalmar lu'u-lu'u, a rubuta na ƙasa ne ko na masana'anta, da karat ɗin dutsen da na zinariyar, da sharaɗin mayarwa idan gwaji ya nuna saɓanin haka. Wanda aka ba sautu zuwa Dubai ko Makka, a rubuta masa waɗannan a takarda kafin ya tashi, a haɗa masa da awon yatsan amarya, domin zobe mai duwatsu kewaye da shi yana da wuyar ragewa ko ƙarawa bayan an gama shi.